Takardar da Zaɓi-na-biyu Bai Karanta Ba

Shagonsa yana ƙarƙashin matakalar wani bene, a gurbin da mai ginin bai taɓa nufin a yi shago ba. Dogon mutum in zai shiga sai ya sunkuya, in kuma ya miƙe da garaje siminti ya gaisa da ƙeyarsa. A ciki akwai tebur ɗaya da kwamfuta biyu, ɗaya tana aiki, ɗayar ana jiran ranar da Allah zai shirye ta. Akwai firinta da ba ta sakin takarda sai ta yi tari, da farin ƙyalle a bango saboda hoton fasfo. Kujerar baƙo ɗaya ce tak, ta roba, an ɗaure mata ƙafa da waya. A kanta rabin matasan unguwar suka zauna suka faɗi abin da suke son zama.

Sana'arsa cike fom. Da tafireta ya fara tun yana saurayi, a gindin bishiyar da ke gaban gidan waya, yana buga wa mutane wasiƙun neman aiki da na koke. Da zamani ya juya sai ya bi shi, ya koyi kwamfuta da yatsu biyu, kuma har yau da su yake bugu, sai dai ba ka ganin tashinsu. In lokacin rajistar jarrabawar shiga jami'a ya zo, layi yakan fito daga ƙarƙashin matakalar, ya wuce rumfar maƙwabcinsa mai gyaran agogo, har ya tare wa mai shayi hanya.

Sunan da iyayensa suka raɗa masa ya daɗe da ɓacewa a bakin mutane. Duk yaron da ya zauna ya buɗe ƙirji ya ce likita, ko injiniya, sai ya dube shi ta saman tabarau, ya dubi takalminsa don ya auna ƙarfin gidansu, ya ce, "To, madalla. Zaɓi na biyu fa?" Ya yi ta faɗa har ta bi shi. Manya da yara Zaɓi-na-biyu suke ce masa, yana kuma amsawa.

Ƙa'ida ɗaya yake da ita wadda ba ya ɗaga wa kowa ƙafa a kanta. In takarda ta fito, sai ya shimfiɗa ta a tebur, ya ɗora yatsa ƙarƙashin kowane layi, ya karanta wa mai ita da ƙarfi tun daga suna har ƙasa, sannan mai ita ya sa hannu. Ko layi ya kai bakin titi, ko janareto na zuƙar mai, sai ya karanta. Dalili kuwa, a zamanin tafireta ya taɓa buga wa wani bawan Allah shekarar haihuwa ba daidai ba, mutumin ya rasa aikin da ya riga ya samu, ya dawo ya tsaya a gabansa ya dube shi, ya juya ya tafi. Shekara ashirin da huɗu ke nan, bai ƙara sallamar kowa ba tare da karatu ba.

Masu cewa yana kashe wa yara gwiwa suna da yawa, amma ba su san abin da ya sani ba. Shi kaɗai ne a unguwar yake ganin takardun nan guda biyu. Shi yake cike wa yaro fom yana murna, kuma wajensa yaron yake dawowa bayan shekara biyu ko uku, ya zauna a kujerar nan dai, ya ƙi haɗa ido da shi, ya ce a buga masa wasiƙar neman dakatar da karatu. Yawancinsu 'yan injiniya ne. Iyaye sukan ji kuɗin makarantar gwamnati da sauƙi su ce ai shi ke nan, ba su san kuɗin buɗe ƙofa kawai suka ji ba. Karatun shekara biyar ne, ba huɗu ba. Ga allon zane da kayan awo, ga rigar aiki da takalmi mai ƙarfe a baki, ga kwamfutar da za ta iya ɗaukar zane, ga haya in ɗakin kwanan ɗalibai ya cika. Ga wata shida na koyon aiki a kamfani, a garin da ba ka da kowa. In malamai suka shiga yajin aiki kuwa, biyar ɗin nan sai ta miƙe ƙafa. Kwafin kowace wasiƙa yana cikin wani shuɗin fayil a durowar ƙasa, kuma fayil ɗin ya yi kaurin da sai da roba ake ɗaure shi.

Sai Allah ya jarrabe shi da Auta.

Ita ce ƙaramar 'yarsa, kuma tun tana 'yar shekara goma ba a barin ta ita kaɗai da abin da ke da ƙusa a jiki. Ta kwance dutsen guga, ta kwance rediyo, ta sha duka, ta mayar da su suna aiki. Injin keken ɗinkin mahaifiyarta, wadda tela ce a cikin gida, ita take duba shi. Firintar shagon ma ba ta jin maganar kowa sai tata. Mai agogo ne ya fara ce mata Injiniya da wasa, uban yana dariya, don a lokacin abin yana nesa.

Ranar da ta zo rajista ba ta yarda ta tsallake layi ba. Ta tsaya a rana tare da ƙawayenta har aka zo kanta, ta sunkuya ta shiga, ta zauna a kujerar roba ta gyara mayafi kamar baƙuwa.

"Ina wuni, Malam mai fom."

"Lafiya lau, 'yan mata. Me za a sa miki?"

"Injiniyan lantarki, Baba."

Ta faɗi jami'ar. Ta gwamnati ce, mai suna, tafiyar yini guda a mota daga garinsu. Ya dube ta ta saman tabarau. Takalminta bai duba ba, shi ya saya.

"To, madalla. Zaɓi na biyu fa?"

'Yan layi suka kwashe da dariya, har da mai agogo da ya leƙo da gilashinsa a ido.

"Sa duk abin da ka ga dama a na biyun, Baba. Ni ko kallonsa ba zan yi ba."

Ya fara jero mata karatun da ya saba, shekara biyar, allon zane, haya, yajin aiki. Ta bar shi ya kai rabi, sannan ta ƙarasa masa sauran da irin muryarsa, har da gyaran tabarau. Layi ya sake ɗaukar dariya. Ya buga abin da ta ce a na ɗaya. A na biyu ya sa mata koyar da lissafi a jami'ar garinsu, wadda bas ɗaya ke kai mutum, ya kuma dawo ya kwana a ɗakin uwarsa.

A daidai nan firinta ta shaƙe da takardar wanda ya tashi kafin ita. Auta ta ce, "Wannan tsohuwa kuma," ta durƙusa ta buɗe bayanta, ta cusa hannu har gwiwar hannu. Yana ganin bayan kanta. Yana ganin allon kwamfuta. Gwiwarsa tana taɓa durowar ƙasa. Sai kawai ya ga Auta a kujerar nan bayan shekara uku, ta rame, ta ƙi haɗa ido da shi, shi kuma yana tambayarta ranar da za a sa a saman wasiƙa. Yatsun nan biyu suka yi aikinsu. Na ɗaya ya koma na biyu, na biyu ya koma na ɗaya, ya danna ya aika.

Ta tashi hannu baƙi ƙirin da tawada, ta tafi wajen mai shayi neman ruwa. Kafin ta dawo takarda ta fito, ya ninka ta huɗu ya jefa a durowar sama.

"Zan ajiye miki, kada ki yar."

"Karatun fa, Baba? Ba a yi mini ba."

"Ke da ubanki wane karatu? Tashi ki ba na baya wuri."

Ta yi dariya ta fita, har tana faɗa wa ƙawayenta yau ta ga gatan 'yar mai shago.

Ya gaya wa kansa cewa ai bai cire komai ba, jeri kawai ya sauya. Ya gaya wa kansa ita ma ta ce ya sa abin da ya ga dama. Ƙarya yake yi wa kansa, kuma ya sani, domin shi da bakinsa yake faɗa wa kowa cewa sashen injiniya ba ya ko ɗaga ido ya kalli wanda ya sa shi a na biyu. Abin da ya fi kwantar masa da hankali shi ne tunanin ƙila makinta ba zai kai ba, magana ta mutu da kanta. Uba ne yake zaune yana fatan 'yarsa ta gaza kaɗan. Abin kunya ne, kuma ƙauna ce ta kai shi.

Auta kuwa ba ta taimake shi ba. Ta yi karatu kamar za ta cinye littattafan. Ranar da sakamako ya fito ta saƙon waya, ta taho a guje daga gida da takalmi wari da wari, ta miƙa masa wayar tana haki. Ya cire tabarau ya goge ya mayar. A duk shekarun da ya yi a ƙarƙashin matakalar nan bai taɓa ganin maki irin wannan ba. Mai agogo ya fito yana cewa shi dama ya faɗa tun tana goma, ya sa mai shayi ya zuba wa duk wanda ke wurin. Zaɓi-na-biyu ya karɓi kofinsa ya riƙe har ya huce.

Hukumar jarrabawa takan ba da mako biyu bayan sakamako don wanda yake son sauya zaɓi. Nan ne kasuwarsa take sake buɗewa, masu ƙaramin maki suna zuwa a sauko da su daga likita zuwa abin da ya samu. Kwana goma sha uku yana sauya wa 'ya'yan mutane, yana karanta musu da yatsa, suna sa hannu. Duk lokacin da ya jawo durowar sama don ɗaukar biro, takardar nan mai ninki huɗu tana nan a kusurwa. Gyaran bai fi na minti biyar ba. Amma gyaran yana buƙatar lambar da ake turawa wayar Auta, ke nan sai ta sani. Kullum sai ya ce gobe.

A rana ta goma sha uku ya koma gida cin abincin rana, abin da ba ya yi a lokacin kasuwa. Ya tarar da matarsa a kan keke, tsakar ɗaki cike da yadin kayan makaranta. Shekara da shekaru wata makaranta tana bin ta ta karɓi ɗinkin kayan ɗalibanta tana ƙi, saboda ciwon baya. Yanzu ga shi ta karɓa ba ta ko yi shawara da shi ba. Amma abin da ke ƙarƙashin allura ba na makarantar ba ne. Shuɗiyar rigar aiki ce mai haɗe da wando, da aljihu a ƙirji, da wani siririn aljihu a cinya.

"Na sukundireba ne," in ji ta, ba ta ɗago ba. "Auta ce ta zana mini. Aƙalla wannan ba sai mun saya ba."

Ya zauna a bakin gado. Ta ɗago ta dube shi, ta cire ƙafa daga keken.

"Malam, mako biyu ke nan kana mayar mini da kwano yadda na kawo shi. Ko ka faɗa ko ka ci, ɗaya za ka yi yau."

Ya faɗa mata, tiryan-tiryan, har da firinta da tawada. Ba ta yi salati ba, ba ta tafa hannu ba. Ta cire allurai biyu daga bakin rigarta ta soke su a matashi, ɗaya bayan ɗaya.

"Kai kaɗai ka haife ta?"

"Tsoro na ji, Maman Auta. Ba ki ga abin da nake gani ba. Fayil ne cike."

"Tsoron ai namu ne mu biyu, ka kwashe ka shige da shi shago kai kaɗai. Ka ɗauka ni ban san shekara biyar ba ce? Me ka ga ina yi da bayan nan nawa? Fayil ɗin naka na waɗanda suka dawo ne. Waɗanda suka gama fa, ina nasu?"

Shekara ashirin da huɗu bai taɓa tambayar kansa wannan ba. Wanda ya gama ba ya dawowa buga wasiƙa, sai dai ka ji an ce yana aiki a wani gari.

"Ki faɗa mata," ya ce ƙasa-ƙasa. "Ta fi jin maganarki."

"A'a. Kai ka saba karanta wa 'ya'yan mutane. Gobe ka karanta wa tawa."

Ta mayar da ƙafa kan keke.

Washegari ita ce ranar rufewa, kuma tun da safe layi ya kai wajen mai shayi. Ya aika aka kira Auta, ya roƙi na gaba su yi masa haƙurin minti goma, ya jawo ƙofa rabi. Ta shigo tana tambaya ko firintar ce kuma. Ya nuna mata kujera. Ya fito da takardar, ya warware ninkin, ya shafe ta da tafin hannu, ya ɗora yatsa.

Ya karanta sunanta da nasa. Ya karanta ranar haihuwa da lambar jarrabawa. Tana murmushi, ta ɗauka bashin karatun nan ne yake biyan ta da wasa. Yatsan ya sauka layi na gaba ya tsaya.

"Zaɓi na ɗaya, koyar da lissafi."

Ta leƙo ta duba. Ta dube shi.

"Kuskure ne, Baba. Sun juye. Allah ya sa ka gani yau, gyara kawai."

Ga ƙofa ta buɗe masa da hannunta. Da ya ce haka ne, da ta yarda, da ma ta riƙa tsokanarsa da shi har tsufansa. Ya ji kalmar ta zo masa har bakin haƙora.

"Ba kuskure ba ne. Ni na juya su, lokacin da kike gyara mini firinta."

A waje wani yana gardama da mai agogo a kan batir. Ya sunkuya ya ciro shuɗin fayil, ya cire robar, ya ajiye a gabanta, don ba shi da wata hujja sai ita. Ta fara buɗawa. Ta san da yawa daga cikinsu. Ga yayan ƙawarta da yanzu yake tuƙa motar haya. Ga ɗan mai gidan benen nan da kansa, wanda aka ce wai rashin lafiya ce ta dawo da shi. Duk wasiƙun kusan magana ɗaya suke yi, da ladabi iri ɗaya, don mutum ɗaya ne ya tsara su. Ta daɗe tana karantawa, sannan ta rufe, ta mayar da robar da kanta.

"Bar shi haka, Baba."

"Me kika ce?"

"Ka bar shi yadda ka sa. In har kai za ka iya yin wannan, to abin ya fi ƙarfinmu ne, ni ce ban gane ba. Lissafin ma ina so."

Ba ta yi kuka ba, kuma da ta yi da ya fi masa sauƙi. Abin da ya nema ke nan tun farko, ga shi an miƙo masa da hannu biyu, amma ji ya yi kamar an ɗora masa buhu a ƙirji. Wannan muryar ya san ta. Da ita masu wasiƙa suke magana, kuma ita ko motar ba ta hau ba tukuna.

"Ki saurare ni," ya ce. "Fayil ɗin nan na waɗanda suka dawo ne kawai. Waɗanda suka gama ba ni da nasu, ban kuma taɓa ƙirga su ba. Mamanki ce ta tuna mini jiya, ba wayona ba ne. Ban ce miki za mu iya ba, don ban sani ba. Ƙila wata rana ki zauna a nan in buga miki irin wannan wasiƙa, kuma ranar ban san yadda zan yi ba. Amma ni da mamanki za mu yi iya yinmu, ta ma riga ni farawa. Zaɓin da na ƙwace naki ne, ba nawa ba. Ki yafe mini."

Ya juya ya fuskanci kwamfuta, ya buɗe shafin sauyi, ya ɗora yatsunsa biyu. Ya tambaye ta ba tare da ya duba ta saman tabarau ba.

"Zaɓi na ɗaya?"

Wani ya ƙwanƙwasa ƙofa ya ce lokaci fa yana tafiya. Ta dubi fayil ɗin, ta dubi hannun ubanta a kan madannai.

"Injiniyan lantarki."

Lambar ta shigo wayarta, ta karanto masa. Ranar rufewa ce, kowa yana kan shafin, sabis ya yi nauyi. Sau biyu yana komawa farko, yana sake bugawa, gumi yana bin wuyan rigarsa. A na uku ya wuce. Firinta ta yi tarinta ta saki takarda. Ya ɗauko ya shimfiɗa a tebur, ya ɗora yatsa a layin farko, ya gyara murya.

"Kawo, Baba," in ji ta. "Zan karanta da kaina."

Ba da fushi ta faɗa ba. Ta zare takardar daga ƙarƙashin yatsansa a hankali, ta karanta tun daga sama har ƙasa, ta koma ta sake. Ta ɗauki biro ta sa hannu. Ya ji bakinsa yana shirin cewa ta kawo ya ajiye mata, amma ta riga ta ninka ta sa a jakarta ta ja zif.

"Na gode, Baba. Ka ci abinci yau, Mama ta ce in faɗa maka."

Ta sunkuya ta fita. A shekara ashirin da huɗu ba wanda ya taɓa karɓe takarda daga hannunsa kafin ya karanta, sai 'yar da ya haifa. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, kuma ya san tana da gaskiya. Ya mayar da fayil durowar ƙasa, ya buɗe ƙofa gaba ɗaya, ya ce na gaba ya shigo.